Na Zama Bakin Mero a Gaban Fada

Duk Sallah idan kun taru, sai 'yar'uwarku Hauwa ta ɗauko labarin awarwaro. Wai Mero ta ba ta su kyauta da hannunta, kwana biyu ta dawo ta ƙwace abinta har da cizo. Ku yi dariya, ƙanananku su tambaya wace ce Mero, a ce musu wata Bahabashiya ce da Baba ya taɓa kaiwa coci. Daga nan sai a yi shiru ana satar kallona. Na san abin da ke cikin shirun nan. Wasunku sun ji cewa na taɓa sakin addini na shekara guda, wasu sun ji wai yarinyar tawa ce ta waje. Babu ko ɗaya. Zan faɗa muku abin da ya faru har iyakar inda aka yarje mini. Akwai inda zan tsaya, kuma idan na tsaya kada ku ce tsufa ne ya mantar da ni.

A lokacin ina tuƙa babbar mota. Da kaka in kwaso dawa daga Gadambaliya, in kawo riɗi daga Hawata, sauran shekara kuwa ina hanyar Kassala. Tun ina saurayi na shiga Tesenai da Keren da Asmara, na kwana a Gondar, na je Kano na ga garin kakanninmu na dawo. Hanya ce ta ba ni harsuna: Tigiriniya da Amhariya, da ɗan Italiyancin da na tsinta a bakin makanikan Asmara, ban da Larabci da Hausar da aka haife ni cikinsu. Saboda haka da yaƙi ya koro mutanen Eritiriya suka cika garinmu Gadarif, ni ne a unguwarmu ake kira idan baƙo ya tsaya a ƙofa ba a san abin da yake faɗa ba.

Haka na san Abrehet. Mutuniyar Keren ce, mijinta ya mutu a hanya, ta iso da 'yarta a goye tana dafa jabana, wato kofi, a ƙarƙashin bishiya kusa da tashar motoci. Inna, kakarku, ita ta ba ta ɗakin ciyawar da ke bayan dangarmu. Sunan yarinyar Mihret, amma harshen Inna ya ƙi ɗaukarsa, ta ce Mero, Mero ɗin kuma ta zauna. Kiristoci ne 'yan Katolika. Ba mu taɓa jin nauyin wannan ba sai daminar da Abrehet ta kwanta da zazzaɓin nan mai kumbura ciki. Da ta ga ba tashi, sai ta aike ni in kira mata Fada, limamin cocinsu. Tsohon Bature ne ɗan Italiya, Larabawa suna ce masa Abuna. Kun san lakar Gadarif da damina. Sai ga shi da takalma a hannu, baƙar laka har gwiwa. Ya ce kowa ya fita, muka fita, ba wanda ya tuna da 'yar shekara huɗu da ke raɓe a bayan gadon igiya. Daga nan ta ga uwarta tana raɗa wa tsohon magana a kunne, ta ga ya ɗaga hannu a kanta. Da ya fito, Abrehet ta sa aka kira Inna da mahaifiyarku Halima, ta nemi yafiyarsu kamar yadda ta ga muna yi. Sannan ta juyo gare ni da harshenta, ta kira ni Usta, yadda ake kiran direba a nan.

"Usta, kada ka hana ta cocinta. Idan ta yi hankali ka kai ta ta furta zunubinta, ta karɓi ƙurbani, gurasar coci. Bayan wannan, Allah ya san nasa."

Na ce na ɗauka. Kafin la'asar ta cika. Ku riƙe wannan ranar a ranku, domin mu manya ba mu riƙe ta ba.

Mero ta dawo cikin gida. Gado ɗaya suke kwana da Hauwa a ɗakin Inna, ƙwarya ɗaya suke cin tuwo. Tigiriniya ta zube daga bakinta kaɗan kaɗan, har ya rage mata kalma ɗaya, Adey, wato uwa. Larabcinta na aike ne kawai: ba ni gishiri, ba ni albasa. Hausa ce harshenta, irin tamu ta nan, har da ashar ɗin Inna. Tana cewa bismillah kafin loma, tana yin azumin rabin yini don kada Hauwa ta fi ta. Tana da shekara takwas wata Sista, ma'aikaciyar coci 'yar ƙasarsu, ta yi sallama a ƙofarmu da lema a hannu, ta ce za a fara shirya yara don furta zunubi na farko, kuma 'yar Abrehet ta kai.

Ranar gidanmu ya rabu. Yaya Usman, wana, shi ya fara.

"Garba, yarinya ta riga ta zama tamu. Allah ya kawo ta cikin haske da kansa, kai kuma ka kama hannunta ka fitar? Ka ce wa matar nan ba ta nan."

"Yaya, ai ta gan ta tana daka a tsakar gida."

"To ka ce ba ta so."

Halima ba addini ne ya fara damunta ba. Ta tsaya da muciya a hannu ta ce, "Malam, yau karatu, gobe su ce tasu ce su sa ta a jirgin Khartum. Ni na san ƙarshen irin wannan."

Inna tana tsinkar lalo, ko kai ba ta ɗaga ba. "Matar tana kwance ta kama hannunka ko ba ta kama ba?"

Na ce ta kama.

"To me kuke tambaya?"

Na je wurin limaminmu ina fatan ya sauke mini kayan, sai ya ƙara mini. Ya ce alkawarin mamaci abu ne mai nauyi, in kai ta, amma kada in durƙusa, kada in ce amin. Da na tashi zan tafi kuma sai ya ce abin da yake ɗaure masa kai shi ne, laifin da Allah ya rufa wa bawa asiri a kansa, don me bawan zai je ya buɗe wa wani mutum? Na ce ni ma ban sani ba. Ba na jin ya san cewa da wannan tambayar na yi ta kwana ina tashi wata da watanni. Na ga abin nan a wurare da yawa. A Gondar kowane gida yana da limaminsa da suke kira uban rai, yana zuwa har ɗaki ya sha kofi ya ji damuwar mutum. A Asmara na leƙa babban coci na ga akwatin katako mai taga kamar rariya, mutum ya durƙusa yana magana da wanda ba ya gani. Mu kuwa tsakaninka da Ubangijinka, goshi a ƙasa, ba mai ji. Na ga duka, na iya sunan kowanne a harshen masu shi, amma ranar da aka ce in bayyana wa 'yar shekara takwas, sai na ga ashe gani kawai na yi.

Karatun a ƙarƙashin rumfa ake yi a harabar cocin. Idan ina gari ni nake kai ta, in tsaya daga bakin danga ina saurare. Sista tana yi da Tigiriniya tana juyawa Larabci, Mero tana zaune a ƙarshen benci ba ta kama ko kashi ɗaya cikin uku. Sista ta iya yara. Takan sa su rufe ido su tuna wanda suka ɓata wa rai, su tuna abin da aka sa su suka ƙi. Takan ajiye kujera ta zauna a matsayin Fada, kowane yaro ya zo ya gwada, amma ta hana su faɗin laifin gaskiya. Ta ce wannan na Fada ne shi kaɗai, a nan kowa ya ƙirƙiro. Wani ya ce ya saci raƙumi ya ɓoye a aljihu, wata ta ce ta shanye kogin Rahad. Yara suna ta faɗuwa don dariya. Mero ba ta dariya. Na ɗauka rashin jin harshe ne.

A hanyar komawa gida ni nake zama malaminta. Ku dubi wannan abu: direba Musulmi, da carbi a aljihu, yana koya wa yarinya yadda ake tuba a coci. Na ce mata za ta shiga wurin Fada ita kaɗai, ta faɗa masa a hankali abin da ta yi wanda ba daidai ba, ta ji zafinsa a ranta, ta nemi gafarar Allah. Shi kuma ba zai faɗa wa kowa ba ko za a yanka shi. Na ce daga nan za ta zama fes, ba ta da sauran datti, kuma za a ɗinka mata farar riga. Mun yi tafiya mai nisa, sannan ta ɗago.

"Kamar yadda Adey ta yi?"

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina yarinya ta gane.

"Daidai kamar yadda Adey ta yi. Ita ma ta ce in kawo ki."

"Ita ta ce?"

"Da bakinta."

Ta ce to. Ba ta ƙara tambayata komai ba har aka gama karatun.

Farar rigar ta ranar karɓar ƙurbani ce, wato gurasar da suke karɓa a coci, wadda ake ba yaro bayan ya furta. Sista ta ce fara tas, ba ɗigon launi. Na sayo yadin a kasuwa na miƙa wa Halima. Ta buɗe shi ta dube ni.

"Farin yadi za ka shigo mini da shi gida? Ba ka ga abin da ya yi kama da shi ba?"

"Haka al'adarsu take."

"Al'adarsu ba ta da ido ne?"

Duk da haka ta kira Mero ta tsayar da ita, ta gwada yadin daga kafaɗa zuwa ƙafa tana gunaguni. Ina kallon yarinyar ta sandare, idanunta a rufe. Na ce kunya ce.

Ana saura 'yan kwanaki Sista ta kira ni gefe ta ce akwai matsala. Ta kai Mero gaban Fada su gaisa, ba wanda ya fahimci wani. Larabcin tsohon na littafi ne da lanƙwasar Italiya, na yarinyar kuma bai wuce gishiri da albasa ba. A cikin mutanen cocin duka babu mai jin Hausa. Aka shigar da ni wurinsa. Ya gane ni, ya tuna lakar ranar. Ya ce dokarsu ta yarda a sa tafinta idan ba makawa kuma idan mai furtawar ya yarda, amma abin da ya hau kan Fada ya hau kan tafinta: abin da kunne ya ji a ɗakin, baki ba zai maimaita shi ba har kabari.

"Ko ga matata?"

"Ko ga matarka. Ko ga yarinyar kanta, idan ba ita ta tayar da maganar ba."

"Abuna, ka san ni Musulmi ne."

"Na sani, Usta. Alkawarinku ya fi namu sauƙin karyewa ne?"

Na ce a'a. Amma na gindaya sharaɗi ɗaya. Zan kai maganarta gare shi, in kawo nasiharsa gare ta, amma kalmar gafara ba za ta bi ta bakina ba, domin a wurinmu mai gafara ɗaya ne. Ya yi murmushi ya ce wannan ba sai an fassara ba. Ya ce shi ma ba daga aljihunsa yake fitar da ita ba, aiko shi aka yi, kamar ni. Na fito ban san ko mun yarda da juna ba ne ko kuwa ya yi mini wayo. Aka tambayi Mero ko ta yarda in shiga da ita. Ta kama yatsana ta riƙe.

Ranar Alhamis na dawo daga tasha na tarar gida a hargitse. Tun safe Mero ta cire awarwaronta na roba masu launi, waɗanda na kawo mata daga Kassala, ta zuba wa Hauwa a hannu. Ta ba 'yar maƙwabta 'yar tsanarta. Ta wanke ƙwaryarta ta kife. Sannan ta bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya tana durƙusawa. Ta je wa Yaya Usman, ta je wa mai jakin da yake kawo mana ruwa, wanda ta taɓa jifan jakinsa. Ta zo gaban Inna ta sunkuyar da kai.

"Inna, ki yafe mini abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Kun san a gidajenmu ba a yin wannan magana haka kawai. Mai tafiya hajji ne yake yin ta, ko wanda ba zai dawo ba. Inna ta fizgo ta ta rungume tana salati.

"Ke, wa ya sa miki wannan a baki? Ina za ki?"

Halima ta tare ni tun daga zaure, idanunta jajur.

"Ban faɗa maka ba? Sallama take yi da mu. Sun gaya mata za su tafi da ita, kai kaɗai ne ba ka sani ba, mai harsuna."

Na juya da gudu zuwa cocin. Sista ta rantse ba mai ɗaukar kowa zuwa ko'ina. Da na ba ta labarin durƙuson, sai ta dafe ƙirji ta ce a duk yaran da ta koyar ba wanda ya gane abin kamar wannan, domin sulhu da Allah ba ya cika sai an shirya da mutane. Na dawo da wannan bayani gida kamar wanda ya samo magani. Yaya Usman ya ce asiri suka yi mata. Halima ta ce ƙarya suke yi. Inna ta ce ita dai jikinta bai ba ta ba. Kowa ya kawo fassararsa, kuma a cikinmu duka ba wanda ya zaunar da yarinyar ya tambaye ta a hankali. Ni da nake taƙama da jin maganar baƙi, ban ji ta cikin gidana ba.

Ranar Asabar da hantsi muka fita. Halima ta yi mata kitso, ta ba ta kunu ta ƙi sha. A hanya tana ta waige. Ta tsaya ta kalli awakinmu, ta kalli rumbun maƙwabta, har na ce mata ta ɗaga ƙafa za mu makara. Ba a akwatin katako aka yi namu ba. Wani ɗan ɗaki ne mai kujeru, Fada ya rataya wani ƙyalle mai ruwan ɗorawa da shunayya a wuya. Ya sa na zauna ina fuskantar bango, ita tana gefena. Abin da zan iya faɗa muku shi ne halin da ni na shiga. Tafinta ba ya cewa ta ce ta yi kaza. Cewa yake na yi kaza. Sai na ji bakina, bakin mai gemu, yana cewa na yi, na yi, da Larabci da guntun Italiyanci, a gaban limamin Nasara, ga carbina yana tokare mini cinya. Gumi ya jiƙa mini riga. Ban san ko zunubi nake yi ba ko lada nake samu.

A nan zan tsaya. Ƙofar ɗakin nan a rufe take.

Da muka fito, sauran yaran da suka riga mu suna ta guje-guje a harabar. Mero ta saki hannuna ta nufi wani benci a inuwar dalbejiya. Ta cire takalmanta ta jera su. Ta hau ta kwanta a gefen dama, ta juya fuskarta alƙibla kamar yadda ta ga ana yi wa mutane a unguwarmu, ta haɗa ƙafafu. Na ce jiri ne don ba ta karya ba. Na sunkuya a kanta.

"Baba, zai yi zafi?"

"Mene ne zai yi zafi?"

"Adey ba ta yi kuka ba. Nan zai zo ko sai mun je gida? Ni na fi so a gida, wurin Inna."

Na yi shekaru a kan hanya, na ga mota ta kife da mutane, ban taɓa jin abin da ya firgita ni kamar wannan magana ba. Komai ya dawo mini a jere: raɗar da ta gani a bayan gado, yafiyar da uwarta ta nema, farin yadin da aka gwada a jikinta, da bakina da ya ce daidai kamar yadda Adey ta yi. Wata da watanni yarinyar nan tana kwana tana tashi da sanin ranar mutuwarta. Kuma ta kama yatsana ta biyo ni da ƙafarta, don na ce uwarta ce ta ce.

Na ɗaga ta zaune ina rantse-rantse, na nuna mata yaran da ke wasa. Ta ce nasu bai zo ba ne tukuna. Hayaniyata ta fito da Fada. Da na juya masa maganar, tsohon ya zauna a ƙasa cikin ƙura da farar rigarsa, ya dafe kai. Can ya ce in faɗa mata: uwarta ciwo ne ya kashe ta, ta kira shi ne don ta riga ta san za ta tafi. Ya ce shi kansa tun yana kamarta yake furtawa a gaban wani Fada, bai fasa ba har yau.

"Ka ce mata ta duba abin da ya same ni."

Ya sa yatsa a baki ya zaro haƙoransa na roba gaba ɗaya, ya buɗe mata dasashi. Mero ta zaro ido. Ta dube ni, ta dube shi. Sai dariya ta kufce mata, dariyar ta juye kuka, ta cusa kai a cikina tana dukana da hannu biyu. Da ta gaji ta share hanci da rigata ta ce tana jin yunwa. Mun kusa gida ta tsaya cak.

"Awarwarona!"

Ta zura da gudu. Hauwa, sauran kin fi ni sani, tabon yana hannunki.

Da na ba su labari, Inna ta yi ta istigfari tana cewa ai ta faɗa. Halima ta ɗauki yarinyar ta goya kamar jaririya, tana zagaya tsakar gida da ita tana zagina da zagin cocin da zagin kanta. Washegari ta ɗauko farar rigar ta zauna da zare ja da kore ta yi mata furanni a wuya da hannu da gindi. Na ce Sista ta ce ba launi. Ta ce Sista ta zo ta tsinke da kanta. Ranar ƙurbani Mero ce kaɗai mai furanni a cikin layin, kuma ba wanda ya ce uffan.

Da a nan abin ya ƙare da na ce mun tsira. Amma bayan kwana kaɗan Halima ta zauna kusa da ni ta tambaya a hankali me yarinyar ta faɗa a ɗakin. Na ce ba zan iya ba.

"Ni na yi jinyar ƙyandarta. Ni nake cire mata ƙaya a ƙafa. Baturen da bai san wace ƙwarya take ci ba ya ji abin da ke cikinta, kai ka ji, ni ce bare?"

"Alkawari na yi."

"Wa ka yi wa? Shi ko Allah?"

Har yau tambayar nan tana bina. Ta ce tsoronta kada akwai wani abu da yake cin yarinyar wanda uwa ya kamata ta sani, kamar yadda wancan ya ci ta muna kallo. Gaskiya ta faɗa, kuma duk da haka na yi shiru. Mun yi kusan shekara tana ajiye mini abinci ba ta zama. Yaya Usman ya daina sa ni gaba a sallah idan liman ba ya nan, mutane suka lura, daga nan maganganun da kuka ji suka samo asali. Na ci gaba da kai Mero coci, amma na sa ta a makaranta ta koyi Larabci sosai, don kada in sake shiga ɗakin nan. Tana budurwa kawunta ya ɓullo daga wata ƙasa mai sanyi ya nemi tafiya da ita. Abin da Halima ta ji tsoro ya zo, ko da yake ba ta ƙofar da ta tsare ba.

Sau da yawa nakan tambayi kaina, da na bi maganar Yaya fa? Da yarinyar ba ta sha wannan tsoro ba, da watakila tana nan cikinku da 'ya'yanta. Amma da na haɗu da Abrehet gobe ƙiyama in ce mata me? Na auna abin da Hausa, na auna da Larabci, na auna da harshen uwarta, kowanne ya ba ni amsa dabam.

A ciwon ajalin mahaifiyarku, bayan mun yafi juna, ta dube ni da ɗan murmushin nan nata.

"Malam, har yanzu ba za ka faɗa ba?"

Na girgiza kai.

"To riƙe abinka. Ni na tambaye ta da kaina da ta kira a waya. Ta yi ta dariya, ta ce wallahi ba ta tuna ko ɗaya. Haƙoran kawai take tunawa."

Fada ya daɗe da mutuwa. Mai laifin ta manta. Sun ce Allahn da aka roƙa ya shafe laifin tun ranar. Ni kaɗai na rage a duniya da laifuffukan wata 'yar shekara takwas, kalma bayan kalma, yadda ta faɗe su tana tsammanin su ne maganarta ta ƙarshe. Ba nawa ba ne balle in tuba daga gare su, ba a kuma ba ni izinin ajiye su ba. Kada ɗayanku ya tambaye ni idan na kwanta. Da su za ku binne ni.